Kwamfutar ƙanena tana magana, amma Hausa ta gagare ta

Tambaya: Malam, ƙanena makaho ne, yana amfani da Linux (tsarin da ke tafiyar da kwamfuta) da manhajar Orca mai karanta masa allo. Wani lokaci muryar takan tsaya cak a tsakiyar jimla, kuma in ya buɗe rubutun Hausa sai ta dagula shi. Laifin na'urar ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri kan kula da shi. Orca ba ta da murya tata. Rubutu take miƙa wa wata manhaja da ke aiki a bayan fage, Speech Dispatcher, wadda ƙungiyar Brailcom ta ƙasar Cek ta fara ginawa. Speech Dispatcher ce ke jera saƙonni bisa muhimmanci, ta tura su ga injin murya irin eSpeak NG ko Festival na Jami'ar Edinburgh. Tsayawar da kike ji, mai yiwuwa wani saƙo ne mafi gaggawa ya katse na farko. A buɗe tagar rubuta umarni (terminal), a rubuta spd-say, umarnin da ke sa Speech Dispatcher magana kai tsaye, da 'yar jimla a gwada. In ta fito sarai, to a duba saitin Orca.

Batun Hausa ya fi damuna. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, garin tuwo da garin Kano duk rubutu ɗaya ne, ga ƙ da ɗ da ɓ. Injin da aka ɗora wa ƙa'idojin Turanci dole ya yi tuntuɓe. Gyaran yana bukatar ƙamus na lafazi da muryoyin Hausawa masu yawa, kuma ko yau kina iya ba da muryarki a Common Voice, shafin Mozilla mai tattara muryoyin jama'a.