Dutsen da aka ce zai gifta kusa da duniya, ya ake sanin hanyarsa da girmansa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, daga wani ƙauye nake a yankin Gwaram ta jihar Jigawa. Ana ta turo mana murya a WhatsApp wai wani dutse daga sama zai wuce dab da duniya, har dattawa a majalisa sun fara cewa a fidda sadaka. Dan Allah ya aka yi masana suka san ta inda zai bi da girmansa alhali ba wanda ya je ya auna? Kuma zai iya faɗo mana?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Sadaka dai alheri ce kullum a yi ta, amma ka kwantar wa su baba hankali, irin waɗannan duwatsun suna gilmawa kusan kowane mako, galibi ma ba a jin labarinsu. Kuma in masana suka ce kusa, sau da yawa nisan ya fi na wata, shi kuwa wata kilomita kusan 384,000 ne tsakaninmu da shi.

Bari in ɗauki guda ɗaya da ya matso da gaske. A ƙarshen Janairun 2023 wani ƙaramin dutse mai suna 2023 BU ya wuce ta saman kudancin nahiyar Amurka ta Kudu, kilomita 3,600 kacal daga doron ƙasa, wato ya shigo ƙasa sosai da taurarin ɗan adam ɗin da dish ɗinku ke kamawa, su suna can wajen kilomita 36,000. Wani mai sha'awar kallon taurari ne Gennadiy Borisov ya fara hango shi daga yankin Kirimiya da ke gabashin Turai 'yan kwanaki kafin nan, kuma kafin ya iso an riga an tabbatar ba zai taɓa mu ba.

To ta yaya? Shi dutsen nan rana yake zagayawa kamar yadda duniyarmu ke yi, ba yawon banza yake ba, jan rana ne ke riƙe da shi a kan hanya. Sai a ɗauki hotonsa da na'urar hangen nesa, a ga ɗan ɗigo a tsakanin taurari, bayan mintuna a sake ɗauka a ga ya gusa, gobe wasu a wata ƙasa su ɗauka, kowa ya tura inda ya gan shi da daidai lokacin, to da waɗannan ɗige-ɗigen kwamfuta ke fidda hanyar gaba ɗaya, kuma duk hoton da ya ƙaru lissafin ƙara tsukewa yake. Shi 2023 BU da kwana 359 yake kammala zagayen rana, da ya matso jan duniya ya lanƙwasa masa hanya ya koma kwana 425. Ka ga shi ne ma ya ji a jikinsa.

Girma kuwa nan ne ake kintace, kuma nan masu tura murya suke yi mana ɓarna. Dutsen ba shi da haske nasa, na rana yake maidowa, da ƙarfin hasken da nisansa ake ƙiyasta girma. Matsalar ita ce, a farin wata yaro mai farar riga ya fi ƙato mai baƙar riga fitowa daga nesa, haka ƙaramin dutse mai haske da babba mai duhu sai su yi kama a hoto. Shi ya sa aka ce 2023 BU tsakanin mita 3.5 ne zuwa 8.5, ba a yanke lamba ɗaya ba.

Mai irin wannan girman ko ya shigo, iska ce ke cinye shi, ya kama da wuta ya tarwatse tun a sama. An gani a Sudan ran 7 ga Oktoban 2008, dutse mai kamar mita 4, an hango shi ƙasa da kwana ɗaya kafin ya shigo, aka faɗi wuri da lokaci kuma haka aka yi, daga baya ɗaliban Jami'ar Khartum suka bi hamada suna tsintar gutsattsarinsa. Mu ma nan a 1962 wani mai kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, bincike ya nuna ɓallin duniyar Mars ne.

Wanda ni ya fi damuna shi ne wanda ba a gani ba. Na Celyabinsk a Rasha, 15 ga Fabrairun 2013, mita kusan 20 ne, ta ɓangaren rana ya ɓullo ba na'urar da ta hango shi, ya fashe a sama, mutum wajen 1,500 suka ji rauni, yawanci gilashin taga ne ya yanke su don sun ruga leƙen hasken kafin ƙarfin fashewar ya iso ya farfasa tagogin.

Sannan ka shirya, za a sake tada muku hankali kan wani dutsen mai suna Apophis, mai faɗin mita kusan 340, zai wuce ran Juma'a 13 ga Afrilun 2029 a nisan kilomita kamar 32,000. Tun 2004 ake bin sawunsa, a 2021 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta auna shi da na'urar radar mai auna nisa ta ce ba zai bugi duniya ba nan da aƙalla shekara 100. Daga Afirka za a iya ganinsa da ido a daren, kuma ku na ƙauye da ba hasken lantarki ya dame ku kun fi mutanen birnin Kano damar ganinsa.