Tambaya da Amsa: Fenix 8, Enduro 3 Ko Apple Watch Ultra, Wanne Zan Saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Jos ne, kusan kullum da asuba ina fita gudu, ƙarshen mako kuma mu hau Dutsen Shere da abokai, wani lokacin ina tuƙa keke. Yanzu muna shirin zuwa Chappal Waddi a Taraba, tafiyar kwanaki a ƙafa. Na daɗe ina tara kuɗin agogon GPS mai kyau, amma na rasa zaɓi tsakanin Garmin Fenix 8 da Enduro 3 da Apple Watch Ultra 2, wani kuma ya ce mini Coros. Wayata Samsung ce. Don Allah a ba ni shawara.
— Wani mai karatu, Jos

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko dai cire Apple a lissafi, ba don ba shi da kyau ba, sai don ba ya aiki sai da iPhone, da Samsung ɗinka ko saita shi ba za ka iya ba. Kuma ko da iPhone gare ka, batirinsa awa 36 ne a amfani na yau da kullum, wanda zai shiga dajin Gashaka-Gumti na kwanaki wannan bai ishe shi ba.

To saura Garmin biyu da Coros. Ni a ganina batiri shi ne maganar gaba ɗaya a wajenka, don Chappal Waddi shi ne dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, kuma can babu inda za ka soka caja, ko a gida ma ka san halin wutarmu. Fenix 8 da Enduro 3 duk a watan Agustan 2024 suka fito, manhajarsu kusan ɗaya ce, taswirar da ke aiki ba tare da intanet ba, tocila a jikin agogon, na'urar auna tsayin wuri da matsin iska, duk suna da su. Abin da Fenix ya fi shi da shi su ne lasifika da makirfo don amsa kira, da nutso cikin ruwa har mita 40, da sikirin AMOLED mai haske kamar na waya idan shi ka zaɓa. Tambayi kanka tsakani da Allah, yaushe za ka yi nutso a Jos? Lokacin da suka fito a 2024 farashin Fenix 8 ya fara ne daga wajen dala 1,000, Enduro 3 kuma dala 900, ya fi Fenix mai girmansa rashin nauyi, ga shi yana caji da rana.

Bari in ɗan tsaya a kan cajin ranar nan saboda mutane suna ɗauka ba za su ƙara soka caja ba har abada, ba haka ba ne, ƙari ne kawai yake yi. Garmin sun ce Enduro 3 zai yi awa 120 GPS na kunne, da rana mai ƙarfi kuma har 320, amma sai fuskar agogon tana kallon rana, idan hannun riga ya rufe shi ko kana ƙarƙashin itatuwa ko hazon hunturu ya sauko lissafin ya canza. Duk da haka mu da Allah ya hore wa rana mun fi Turawa cin moriyarsa, kuma irin sikirinsa yadda rana ta ƙara ƙarfi haka yake ƙara fitowa sarai, da tsakar rana a kan dutse kallo ɗaya za ka yi masa ka ga hanya.

Coros Vertix 2S ma ba na raina shi ko kaɗan, a dala 700 ya fito a 2024, yana kai awa 118 da GPS, sai dai taswirarsa ba ta kai ta Garmin ba wajen nuna maka hanya. Idan kuɗin ya matse, shi za ka ɗauka, ka sayi takalmi mai kyau da ragowar.

Ni dai Enduro 3 zan ce maka, da sharaɗi ɗaya: girma ɗaya yake zuwa, milimita 51, idan hannunka siriri ne ka ɗaura ka gwada kafin ka biya. Kuma ka sauke taswirar Afirka a gida da wayfai, ka saka hanyar tun kafin ku tashi, sannan don Allah ku ɗauki ɗan jagora na wurin, hanyoyin dajinmu da yawa ba sa cikin taswira.

TAMBAYA: Malam agogona yana nuna bugun zuciyata ya yi ƙasa alhali ina haki wajen hawa, ya lalace ne?
— Wata mai karatu, Kaduna

AMSA: Da wuya, 'yar'uwa. Koren hasken bayansa ne ke auna gudun jini, idan agogon ya yi sako-sako ko sanyi ya kama hannu sai ya makara. Ki matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu kamar yatsa biyu ki ɗaure sosai, in kina son lissafi daidai ki sayi bel ɗin ƙirji mai auna bugun zuciya. Amma idan kina jin jiri ko ciwon ƙirji ki tsaya ki ga likita.