Amsa: Asalin kalmar "mishin" a Japananci

Ɗan'uwa, ka ce ka ji Japanawa suna kiran keken ɗinki "mishin", kana tambaya ko tasu ce ta gado. Ba tasu ba ce, aro ce daga Turancin Ingilishi. Turawa suna cewa "sewing machine", su kuwa Japanawa suka yar da kalmar farko suka riƙe ta biyu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda "ma" ta koma "mi". Keken ya shiga Japan a tsakiyar ƙarni na 19, bayan jiragen ruwan Amurka ƙarƙashin kwamandansu Matthew Perry sun tilasta wa ƙasar buɗe ƙofarta a 1854. A lokacin, da kunne aka ari kalmar, ba daga takarda ba. Bature ba ya buɗe baki sosai a gaɓar farko, nauyin yana kan "shin", sai kunnen Bajapane ya ji "mishin". Haka "white shirt" ta zama "waishatsu", rigar da ake sawa cikin kwat, ko da shuɗiya ce.

Daga baya suka sake aro kalmar a matsayin "mashin" don na'ura gaba ɗaya, amma "mishin" ta tsaya wa tela kaɗai.

Mu ma ai haka muka yi. A Kano ka ce "mashin", babur za a nuna maka, ba keken ɗinkin Juki ko Brother da ke shagon tela ba, alhali duka biyun kamfanonin Japan ne.