Wa ke riƙe da damben masu nauyi, kuma ina Joshua ya tsaya?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ɗan'uwanmu ya tambaya cewa kullum sai ya ji an ce wane zakaran duniya ne, wane ma zakaran duniya ne, to waye na gaskiya a ajin masu nauyi, kuma ko Anthony Joshua zai sake ɗaukar kambu. Na ga wasu sun amsa da suna ɗaya sun wuce. Ni tun daren da Joshua ya kayar da Klitschko a Wembley a 2017 ban cika barin babban dambe ya wuce ni ba, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani.

Ruɗanin kambu daga hukumomi yake. Manya guda huɗu ne, WBA da WBC da IBF da WBO, kowacce da kambunta, kowacce kuma tana da wanda take tilasta wa zakaranta ya kara da shi. In ya ƙi, ta ƙwace ta ba wani. Shi ya sa za ka ga mutum da kambu a kafaɗa alhali bai taɓa dukan mai gidan ba, wato zakaran gaskiya na ajin. Mai gidan kuwa, ɗan'uwa, Oleksandr Usyk ne na Yukren. Ya doke Joshua sau biyu, a Landan 2021 da Jidda 2022. Ya doke Tyson Fury sau biyu a Riyad cikin 2024. Ya doke Daniel Dubois sau biyu, na ƙarshen a Wembley a watan Yulin 2025, inda ya kwantar da shi a turmi na biyar. Manyan Ingila uku, kowa ya samu zama na biyu, babu wanda ya rama.

Daren 18 ga Mayu 2024, da Usyk da Fury suka yi karawarsu ta farko, ba zan manta da shi ba. A gidan kallon unguwarmu muka zauna har tsakar dare, mai gidan ya ƙara man janareta sau biyu, kuma kusan duk bencin na Fury ne. Hujjarsu ɗaya ce, girma. Fury ya fi Usyk tsawo da kusan taƙi, ya fi shi nauyi da kusan kilo 18. Daga turmi na huɗu zuwa na shida kam sai ka ce sun yi gaskiya, don Fury yana ɗirka masa naushi daga ƙasa yana kai masa ciki, har yana wasa da hannuwa a baya. Wani dattijo da ke kusa da ni, mahauci ne da ya yi damben gargajiya a ƙuruciyarsa, ya taɓa ni ya ce, "Yaro, daina kallon hannu, kalli ƙafar bahagon nan." Sai na lura. Ƙafar Usyk ta dama kullum tana wajen ƙafar Fury ta hagu, yana takowa yana matse shi zuwa igiya, ba ya barinsa ya huta ko na numfashi ɗaya. A turmi na tara hagun ta shiga. Fury ya rinƙa tangaɗi daga wannan igiya zuwa waccan kamar wanda jiri ya ɗiba, alƙalin wasa ya yi masa ƙirga, ƙararrawa ta cece shi. Gidan kallon ya yi tsit, sai ƙarar janareta. Da wannan nasarar Usyk ya haɗa kambu huɗu, abin da ba a ga irinsa a ajin masu nauyi ba tun da Lennox Lewis ya haɗa na zamaninsa a 1999.

Abin da ke damuna da muhawararmu a nan shi ne mun saba auna ɗan dambe da ƙirji da kisa. Wataƙila daga damben gida muka ɗauko, inda naushi ɗaya ke raba gardama, wanda ya taɓa ƙasa ya tafi. Amma turmi 12 na minti uku-uku wani abu ne daban. Wanda ya iya taku, ya iya numfashi, ya iya karanta abokin karawarsa, shi ke cin rabin ƙarshe na wasan, kuma a nan Usyk ke cinye mutane. Ba daga sama ya faɗo ba. Ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012, ya haɗa kambu huɗu a ajin da ke ƙasa da masu nauyi a 2018, a Mosko ma, gaban 'yan kallon abokin karawarsa, kafin ya hauro. Abin da ke bin sa yanzu shekaru ne, don haihuwar 1987 ne.

Maganar Joshua kuwa, da ciwo nake yin ta, domin ina cikin masu tashi tsaye in an ɗaga tutar Najeriya a bayansa. Ɗan asalin Shagamu ne, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Amma gaskiya ɗaya ce, tun da Andy Ruiz ya kayar da shi a 2019 wani abu ya canja a yadda yake karɓar duka. Ya rama a ƙarshen shekarar ta hanyar kaffa-kaffa, ya yi ta zagaye yana tsikara daga nesa. Da ya kwantar da Francis Ngannou a turmi na biyu a 2024 muka ce ai ya dawo. Wata shida bayan nan Dubois ya kai shi ƙasa tun turmin farko, ya gama da shi a na biyar, kuma a daidai lokacin da Joshua ya ga ya girgiza shi ya rufa a kansa hannu a sake. Ƙarfin damansa na nan, wanda duk ta sama zai kwanta. Haɓarsa da natsuwarsa in wuta ta yi wuta ne ban yarda da su ba. Dukan da ya yi wa Jake Paul, ɗan YouTube da ya shigo dambe, a Disamban 2025 kuɗi ne kawai, kar wanda ya sa shi a lissafi. Bayan haka ga hatsarin motar da ya yi a hanyar Legas zuwa Ibadan, inda ya rasa abokansa biyu. Allah ya ba shi haƙuri da lafiya. A ganina kambu ya yi masa nisa, karawa da Fury ce ta rage mai ma'ana, ita ma ta makara da shekara biyar.

Cikin masu tasowa, wanda na fi ganin an danne wa haƙƙi shi ne Agit Kabayel, Bakurde ɗan Jamus. Ba shi da surutu, shi ya sa ba a jin sa. Aikinsa dukan ciki ne. Ku nemi wasansa da Zhilei Zhang na Fabrairun 2025: Zhang ya kai shi ƙasa, ya tashi ya ci gaba da sassaƙar haƙarƙari har ƙaton ya durƙusa a turmi na shida. Haka ya yi wa Makhmudov da Frank Sanchez. Tunda an sha cewa ciki ne inda Usyk ba ya so, wannan karawar nake son gani kafin ya ajiye safar hannu.

Fabio Wardley ma ya ba ni mamaki. Mutumin da bai yi damben share fage na 'yan koyo ba, ya tsayar da Joseph Parker a turmi na 11 a Oktoban 2025, da Usyk ya saki kambun WBO aka ba shi. Yana shan duka da yawa, amma ba a gama da shi sai an gama.

Sai Moses Itauma, wanda na san shi kuke jira. Mahaifinsa ɗan Najeriya ne, mahaifiyarsa 'yar Sulobakiya, shi ma bahago ne, haihuwar ƙarshen 2004. Ya gama da Dillian Whyte cikin turmin farko a Riyad, kuma saurin hannunsa ban ga irinsa a mai nauyi ba da daɗewa. Roƙona kawai kar masu kuɗin Saudiyya, da yanzu su ke haɗa manyan wasannin, su yi gaggawar jefa shi gaban Usyk. Har zuwa wasan Whyte ba wanda ya kai shi turmi na bakwai, ba mu ga yadda zai yi in ya gaji ko in an fasa masa gira ba. A ba shi irin su Hrgovic ko Parker tukuna, mu ga numfashinsa a turmi na goma.