Tambaya da Amsa: Idan an ji rauni a filin wasa, wa zai biya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da fili mai katanga a Sabon Gari, nan Damagaram, inda ake buga ƙwallo da yamma, a kuma shirya kokawa idan an kau da amfanin gona. Ranar babban wasa nakan ɗauki samari shida daga wata fada ta unguwarmu su tsare ƙofa, in sallame su da jika biyu-biyu in an tashi, ba tare da wata takarda ba. A wasan da ya wuce wani ɗan kallo ya nemi shiga ba tikiti, ɗaya daga cikin samarin ya hankaɗe shi, ya faɗi ya karye a hannu. Danginsa sun ce ni zan biya kuɗin magani, alhali ina can wajen makaɗa sa'ad da abin ya faru, yaron kuma ba ma'aikacina ba ne. Ina da alhaki?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba wanda ya karye lafiya. Amsar ba za ta yi maka daɗi ba: a wannan yinin, yaron ma'aikacinka ne a gaban doka. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ba takarda take dubawa ba idan za ta ce wane ma'aikacin wane ne. Abin da take dubawa shi ne ko mutum ya yi aiki ƙarƙashin ikon wani da umarninsa don a biya shi lada. Kai ka tsayar da shi a ƙofa, kai ka ce kada kowa ya shiga sai da tikiti, kai ka sallame shi da magariba. Ɗan ƙodagon yini ma dokar ta san da shi, kuma ba ta ce sai an rubuta masa takarda kafin ya zama ma'aikaci ba.

Daga nan sai a koma kundin dokar farar hula da ƙasarmu ta gada daga Faransa. Sashe na 1382 ya ce duk wanda laifinsa ya jawo wa wani ɓarna, shi zai gyara. Sashe na 1384 ya ƙara da cewa maigida ne ke ɗaukar ɓarnar da yaronsa ya yi a cikin aikin da ya sa shi. Saboda haka zamanka wajen makaɗa ba ya wanke ka, domin hankaɗar da aka yi a bakin ƙofa aka yi ta, a kan tikiti, a lokacin aiki. Da a ce bayan an watse ne yaron ya bi mutumin unguwarsu kan wata tsohuwar gaba, da magana ta sake. Abin da zai iya rage maka nauyi shi ne halin shi wanda ya karye, tun da alƙali yakan raba alhaki idan ya ga mai rauni ma da nasa laifin, kuma neman kutsawa ba tikiti laifi ne. Sai dai ragewa ce kawai, ba sharewa ba.

Shawarata ita ce ka yi sulhu tun maganar ba ta kai kotu ba, amma sulhu na rubuce. A zauna gaban mai unguwa, a kawo takardun asibiti ko shaidar mai ɗori, a rubuta adadin da ka biya da cewa da shi aka kashe maganar diyya, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, da shaidu biyu. Na sha ganin mutumin kirki ya biya kuɗin magani don zumunci, bayan wata uku a dawo masa da sammaci kamar bai taɓa ba da ko dala ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, wanda a ganina ya fi wannan haɗari. Da shi yaron naka ne aka fasa wa kai a ƙofa, da haɗari ne a bakin aiki, wanda hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato CNSS, ke kula da shi, kuma wajibin mai ɗaukar aiki ne ya yi rajistar ma'aikatansa ya kai rahoton haɗari ba da jinkiri ba. Wanda bai yi rajista ba, daga aljihunsa za a nema. Ka leƙa ofishin sufeton ƙwadago na jiha a nuna maka yadda za ka riƙa rubuta 'yan yini a littafi: suna, shekaru, ranar aiki, ladan da aka biya. Kada ka sa yaron da bai kai shekara 18 ba gadin ƙofa, ko da dokar ta yarda a fara wasu ayyuka daga shekara 14. Mai gadin dare da mai share fili da ke zuwa kullum kuwa ba 'yan yini ba ne, komai sunan da ka ba su, albashinsu kuma bai kamata ya gaza mafi ƙanƙantar albashi na ƙasa ba, wanda ya koma sefa 42,000 tun farkon 2024. Idan ka gwammace ka ba kamfanin tsaro jinga, to ka bar shugabansu ya riƙa ba su umarni. Ranar da ka koma kai ne ke cewa wane tsaya nan, wane kama wancan, ka sake jawo alhakin kanka.

TAMBAYA: Malam, mijina ya rasu ya bar mana fage mai matakalan siminti na 'yan kallo, ni ke kula da shi a madadin yara. Masu shirya kokawa kan karɓe shi haya na kwana uku, su kawo nasu bencina da rumfuna. Na sa an rubuta a jikin bango cewa duk abin da ya sami mutum a ciki ba ruwanmu. Wannan ya isa?

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Bai isa ba. Rubutun bango yana iya sa mutane su kula da takalmansu da wayoyinsu, amma kotu ba ta yarda mutum ya wanke kansa tun gaba daga raunin da sakacinsa zai jawo wa jikin wani.

Alhakin ya rabu gida biyu. Sashe na 1386 ya ɗora wa mai gini ɓarnar da rushewar gininsa ta jawo, idan rashin gyara ne sanadi ko aibi a ginin tun asali. Katanga da matakalan siminti naku ne, don haka idan damina ta ci gindin katanga ta faɗo kan 'yan kallo, ku magada za a nema, ko da fagen yana hannun ɗan haya. Bencina da rumfuna kuwa na wanda ya kawo su ya kafa ne, shi ke da iko a kansu, shi zai amsa. Wahalar ita ce ranar da abu ya faru kowa zai ce na ɗayan ne, shi ya sa takardar haya ta fi rubutun bango amfani nesa ba kusa ba, tun da sashe na 1134 ya mai da yarjejeniya doka a tsakanin waɗanda suka ƙulla ta.

Kafin ki miƙa mabuɗi, ku zaga fagen tare da mai haya, a ɗauki hoton kowane tsagi da waya, a rubuta halin da aka bar wurin. A rubuta yawan mutanen da fagen ke ɗauka, da cewa ba za a sayar da tikitin da ya wuce haka ba. A rubuta wanda zai nemo izini daga ma'aikatar magajin gari, wanda zai sanar da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, da wanda zai kawo masu agajin gaggawa. Sharaɗin da nake so ki kafe a kansa, ko da zai sa wani ya fasa hayar, shi ne kada a garƙame ƙofar fita da kwaɗo muddin akwai mutane a ciki. Masu shirya wasa na son kulle ƙofofi don gudun masu satar shiga, amma a nan ake asarar rayuka. A filin ƙwallo na Akara, a ƙasar Ghana, ranar 9 ga Mayu 2001, mutum 126 suka mutu bayan an harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe. A filin Olembe na Yawunde, ranar 24 ga Janairu 2022, mutum 8 suka rasu a turmutsitsin bakin ƙofa lokacin gasar cin kofin Afirka. Fagenki bai kai ko filin kokawa na Langa-Langa da ke Damagaram girma ba, amma wanda ya taɓa ganin yadda 'yan kallo ke ɓallewa zuwa tsakiyar fage idan gwaninsu ya yi kaye ya san ƙaramin wuri ma yana iya cushewa cikin ƙiftawar ido.

Ki kuma nemi mai haya ya nuna miki takardar inshorar da ke biyan diyyar 'yan kallo, tare da rasit na biya. Rasit ɗin ne ginshiƙi, domin a ƙarƙashin dokar inshora ta CIMA, wadda Nijar ke bi, inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ke ma ki yi taki inshorar a kan ginin. Inshora tana biyan diyya, amma idan sakaci ya kai ga rai kuma aka kai maganar gaban alƙalin laifi, ba ta tsaya wa kowa.

TAMBAYA: Na karɓi kafin alƙalami na hayar fili don wasa a watan Agusta, ruwa ya sauko aka fasa. Mai wasan ya ce in mayar masa da kuɗinsa domin ikon Allah ne.

AMSA: Ikon Allah ne, Malam, babu shakka, amma uzurin da doka ke karɓa shi ne abin da ba a iya hango shi ba kuma ba a iya kauce masa, ruwan Agusta a Damagaram kuwa kowa ya san da zuwansa. Idan ka buɗe filin a ranar da aka yi alkawari, ka cika naka. Tun da ba ku rubuta komai a kan ruwa ba, mafi sauƙi shi ne ka ba shi wata rana a kan kuɗin da ya riga ya biya, a hayar gaba kuma ku rubuta tun farko ko ruwa na jawo ɗage wasa ne ko mayar da rabin kuɗi.