Shawarar lauya: An ba ni takardar mallakar ƙirƙira a Abuja, amma ofishin Turai ya ce aikina ba sabo ba ne

Barista, barka da aiki. Ni injiniyan sadarwa ne, na yi shekaru ina aikin turakun waya a Kano da kewaye. Na tsara wata hanya ta daidaita yankunan netwok na 5G, wato kason da ake ware wa kowane rukunin masu amfani a cikin netwok ɗaya: idan wuta ta ɗauke, turke ya koma kan batir, tsarin zai riƙa rage wa yankunan da ba na gaggawa ba rabonsu gwargwadon cajin da ya saura, domin yankin asibiti ko na masu agaji ya jima yana aiki. Na fara neman takardar mallaka a Abuja, aka ba ni ba tare da gardama ba. Daga nan na bi hanyar PCT, wato tsarin neman takardar mallaka a ƙasashe da yawa da buƙata ɗaya, har na shiga ofishin mallakar ƙirƙira na Turai, wato EPO. Yanzu wakilina na can ya turo mini wasiƙar mai bincike: da'awata ta farko, wato abu na farko da na nemi a kare mini, ba sabuwa ba ce saboda wata takarda da wani kamfani ya gabatar a taron 3GPP, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin wayar salula, sauran kuma wai duk gwani zai iya tunaninsu. An ba ni wata huɗu, ɗaya ya wuce. Takardar taro hujja ce? Ta Abuja ba za ta tsaya mini ba? Kuma bara na ƙara inganta tsarin, zan iya saka wannan a ciki?

Injiniya, daga Kano

Injiniya, barka kadai. Ka kwantar da hankalinka tukuna: wasiƙar da ke hannunka ba hukuncin ƙi ba ce. Rahoton bincike ne a ƙarƙashin sashe na 94 na yarjejeniyar mallakar ƙirƙira ta Turai, kuma a fannin sadarwa da wuya a ga buƙatar da ta wuce ba tare da irinsa ba. Abin da zai iya kashe maka magana shi ne wa'adi. Tun 1 ga Nuwamba 2023 ofishin ya soke kwana goman da yake ƙarawa a da, don haka lissafi yana farawa daga ranar da ke rubuce a jikin wasiƙar, ba ranar da wakilinka ya turo maka ba. Ana iya neman ƙarin wata biyu kafin wa'adin ya cika, kuma yawanci ana bayarwa. Ka sa a nema yanzu.

Takardar Abuja ba za ta yi maka aiki a Munik, inda hedikwatar EPO take, ba, kuma dalili biyu ne. Kowace takardar mallaka iyakarta ƙasar da ta bayar da ita. Bayan haka, dokarmu ta mallakar ƙirƙira ta 1970 ba ta ɗora wa magatakarda binciken ko abu sabo ne ba. Cikar takardu da biyan kuɗi yake dubawa, kuma sashe na 4 ya faɗa a fili cewa ana bayar da takardar ne a kan kasadar mai ita, ba tare da lamunin ingancinta ba. Wato wannan mai binciken na Turai yana yin aikin da ba a yi a Abuja ba. Akwai abin lura a nan: takardar da ya zaƙulo, wani zai iya ɗaukarta gobe ya kai Babbar Kotun Tarayya ya nemi a soke ta Najeriya, domin dokarmu ma tana auna sabunta da abin da aka bayyana a ko'ina cikin duniya.

Takardar taro kuwa hujja ce, ƙwarai ma. Sashe na 54 na yarjejeniyar Turai ya ce duk abin da jama'a suka samu damar gani kafin ranar buƙatarka, a rubuce ko da baki ko ta amfani, ya shiga cikin abin da aka riga aka sani. Ƙungiyar 3GPP, wadda tun 1998 take tsara ƙa'idojin wayar salula, tana ɗora shawarwarin da kamfanoni ke kawowa taro a rumbunta na intanet, kowa na iya saukewa. Ko da taron ya yi watsi da shawarar, ko ba ta taɓa shiga ƙa'ida ba, ta riga ta fita duniya. Raba netwok yanki-yanki kuma fage ne da aka tattake sosai. Ya shiga ƙa'ida tun a Fitowa ta 15 ta ƙa'idojin 3GPP a 2018, kundin TS 23.501 ya fayyace lambar shaidar yanki, S-NSSAI, da sashen da ke zaɓar wa waya yanki, NSSF, har da cewa waya ɗaya ba ta wuce yanki takwas a jerin da aka amince mata. Injiniyoyin Ericsson da Nokia da Huawei da Samsung da Qualcomm sun zuba dubban takardu a kan wannan. Duk wanda ya rubuta da'awa mai faɗi, irin "hanyar sauya rabon yankuna idan yanayin turke ya canza", zai tarar an riga shi.

To amma kafin ka sallama wa takardar, a tantance ranarta. Abin da ake kallo shi ne ranar da aka ɗora ta a rumbun, wanda sau da yawa yakan riga ranar taron. A kwatanta ta da ranar da ka shigar da buƙatarka ta farko a Abuja, matuƙar ka shigar da ta PCT cikin wata 12 da yarjejeniyar Faris ta tanada. Idan taka ta riga tasu, takardar ba za ta zama hujja a kanka ba. Sai dai a nan ne na fi jin tsoro a madadinka, domin na sha ganin wannan: mutum ya shigar da shafi uku a gida, ya zo matakin PCT ya rubuta shafi talatin. Ofishin Turai yana ba ka ranar farko ne kawai a kan abin da gwani zai karanta kai tsaye, ba tare da shakka ba, a cikin takardar farkon. Idan batun auna cajin batir bai fito a shafi ukun nan ba, ranarsa ta koma ta PCT, kuma duk abin da aka wallafa a tsakani ya zama makami a kanka, har da lacca ko maƙalar da kai da kanka ka gabatar. Turai ba ta yi wa mai ƙirƙira rangwamen shekara guda irin wanda Amurka ke yi ba.

In kuwa takardar ta riga ka, sai a zauna da ita layi-layi. Kafin a ce abu ba sabo ba ne, dole takarda guda ta ƙunshi kowane ɓangare na da'awarka. Ba a haɗa biyu a wannan mataki. Daga bayaninka, ina zaton tasu tana magana ne a kan cunkoso ko adana wuta gaba ɗaya. Idan ba ta ambaci cajin da ya saura a matsayin abin da ke tayar da sauyin ba, ga bambancinka nan, kuma a kansa za a gina amsa.

Zancen "duk gwani zai iya tunaninsu" ya fi wuya, shi ne sashe na 56. Mai bincike yana ɗaukar takarda mafi kusa da aikinka, ya ware bambancin, ya tambayi wace matsalar fasaha bambancin ya warware, sannan ya duba ko gwanin sana'a da ya fuskanci matsalar zai bi hanyarka. Tambayar ba wai zai iya ba, a'a, shin akwai abin da zai tura shi can? Amsar da ke cin nasara ita ce mai nuna tasiri na fasaha da aka riga aka rubuta a bayaninka: wane saƙo turke ke aikawa, zuwa wane sashe, a wane mizanin caji, kuma me ke faruwa da wayoyin da ke kan yankin da aka rage. Ka guji jingina hujja a kan wanda ya fi biyan kuɗi ko yarjejeniyar kwastoma. Mai bincike yana ɗaukar wannan a matsayin tsarin kasuwanci, ba ya lissafa shi cikin basirar ƙirƙira.

Ingantawar bara ba za ta shiga ba. Sashe na 123 sakin layi na 2 ya hana ƙara duk abin da babu shi a buƙatar tun ranar da aka shigar da ita, kuma babu inda ake tsananta wannan kamar Turai. Ko ɗauko kalma daga wani misali a haɗa ta da wani misali daban yana iya zama laifi. Wanda ya yi wayo ya shigar da ƙari aka ba shi takarda, abokan hamayya suna da wata tara bayan bayarwa su nemi a soke ta, kuma a lokacin cire ƙarin ma yakan gagara, tunda ba a yarda a faɗaɗa kariya bayan an bayar ba. Sabuwar dabara, sabuwar buƙata. Ka rufe bakinka a kanta har sai an shigar, kuma ka sani tsohuwar buƙatarka, tunda an wallafa ta bayan wata 18, ita ma za a auna sabuwar da ita.

Shawarata ita ce a mayar da amsa da babbar da'awa wadda aka matse ta a kan batir da saƙon da ke tafiya, a biyo ta da wata mafi ƙunci a matsayin madadin idan ta farko ba ta karɓu ba. A nemi zaman sauraro tun a cikin amsar, domin da zarar an nema ba za a ƙi buƙatarka ba sai an saurare ka. Wakilinka na iya neman tattaunawa da mai binciken ta waya ko bidiyo, kuma rabin sa'a a can yakan warware abin da wasiƙa uku ba su warware ba. Idan bayaninka ya ƙunshi wata dabara ta biyu, ana iya ware mata buƙata daban muddin ta farko tana raye. In an ƙi, akwai ɗaukaka ƙara: sanarwa cikin wata biyu, dalilai cikin wata huɗu. Ni dai ba na gaggawar tura mutum mai cin gashin kansa can, saboda kuɗi da shekarun da take ci.

Ka kuma yi lissafin da zuciya ba ta so. Ana biyan kuɗin sabuntawa kowace shekara tun daga ta uku, yana hawa har zuwa ta goma, ko ba a ba ka komai ba. Da'awar da ke faruwa a cikin manhajar kamfani, inda ba mai gani, da wuya ka kama wanda ya kwaikwaye ta. Wadda ta bayyana a saƙonnin da ke tsakanin turke da cibiyar netwok ta fi daraja wurin mai saye, don haka a karkata gyaran ta can idan bayanin ya ba da dama.

Abu ɗaya ba ka tambaya ba, kuma ya dame ni. Ka ce ka yi shekaru kana aikin turaku, kuma da alama a can ka samo dabarar. Sashe na 2 na dokarmu ya ce ƙirƙirar da aka yi a cikin aiki, ko wajen cika kwangila, ta mai ba da aikin ce, kodayake ma'aikaci yana da haƙƙin lada mai dacewa idan ba a ɗauke shi don ƙirƙira ba amma ya yi amfani da bayanai ko kayan wurin, ko kuma ƙirƙirar ta kasance mai muhimmanci na musamman. Babu kamfanin da zai sayi takardarka bai bincika wannan ba. Ka nemo takardar ɗaukarka aiki, da kwafin buƙatar Abuja mai hatimin rana, da wasiƙar mai binciken tare da takardun da ya ambata, ka kai wa lauya a makon nan, kafin wakilinka na Turai ya fara rubuta amsa.