Ƙanina ya bugu a kai yana ruɗewa, gado ne?

Tambaya: Salam likita, dan Allah a taimaka min. Ƙanina ne yayi hatsarin babur ya bugu a kai, yau kwanansa tara a asibiti, ya farfaɗo alhamdulillah amma dare na yi sai ya rikice, ya dinga fizge robar ƙarin ruwa yana cewa ga mutane nan tsaye a kanshi, jiya ma da sunan mamanmu ya kira ni. Abin da ya ɗaga min hankali babanmu ma haka yayi lokacin da aka mishi aiki. Wai a jininmu abin yake? Zai dawo daidai kuwa? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar'uwa, Allah ya bashi lafiya. Wannan shi likitoci ke cewa diliriyom, ruɗewa ce mai zuwa farat ɗaya, ta lafa da rana ta taso da dare, ba hauka bane, kuma ana yawan ganinta a wanda ya bugu a kai.

Toh batun gado, akwai ƙamshin gaskiya amma bai kai yadda kike tsoro ba. Akwai wata ƙwayar gado APOE, iri uku ce, e2, e3 da e4, kowa na ɗauko ɗaya wajen uwa ɗaya wajen uba, aikinta jigilar kitsen da ƙwaƙwalwa ke gyara kanta dashi. Tun 1993 masana a jami'ar Duke ta Amurka suka gano e4 na ƙara haɗarin cutar mantuwa ta Alzaima. A 1997 su Graham Teasdale, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a birnin Gilasgo na Birtaniya, suka ga masu e4 sun fi shan wuyar murmurewa wata shida bayan bugun kai, amma da suka maimaita da mutum sama da 1,000 a 2005 sai bambancin ya kusa ɓacewa, a yara da matasa ne ya ɗan fito. Shi yasa ni bazan ce ki je neman gwajin ƙwayar gadon nan ba, ko sakamakon ya fito babu abin da zai canza a maganinshi.

Inda gado yake shigowa da mutane basu cika lura ba shine magani, wani hantarshi na saurin sarrafa irinsu tiramadol da kodin, wani kuma a hankali, allura ɗaya sai ta gigita wannan ta bar wancan garau. Ki faɗa wa likitansa labarin baba, in kin tuna maganin da aka bashi ma yafi.

Shi baba kuwa shekaru da tiyatar kaɗai sun isa su jawo mishi. A ƙaninki abin da za a fara dubawa shine ko jini ya sake taruwa a kai, zazzaɓi, ƙarancin gishiri a jini, fitsarin da ya tsaya, ciwo, rashin barci, da magungunan sa barci irinsu diyazefam. In yana shaye-shaye kar ki ɓoye don kunya, yankewar ma tana kawo hakan.

Naki aikin, ki buɗe labule da safe, ki gaya mishi ranar da ake da inda yake ko sau goma ya tambaya, kar ki tsaya musu dashi kan mutanen da yake gani, ki riƙe hannunshi ki ce nice, ina nan. Ruɗewar yawanci kwanaki ce zuwa makonni, mantuwa da saurin fushi su kan ɗau watanni. Amma in kika ga yayi shiru da yawa, tashinshi na wuya, ko amai, ko jijjiga, ki kira nas nan take ko ƙarfe biyun dare ne.